Salularka tana kai labarinka: wa ya tambaye ka?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Tarka, da na Belbeji, da na Tanut da dukan Damargu, ga wata magana da ta shafi aljihunmu da sirrinmu.

Mutane da yawa suna kuka da abu guda. Mutum ya sayi mega na dala ashirin ko na dala ɗari ran kasuwa, don ya aika murya ga ɗansa da ke Libiya ko Aljeriya. Ya sa salula aljihu, ya kama hanya. Kafin ya sauka gida mega sun ragu, alhali bai taɓa komi ba. Wasu su ce kamfani ne ya ci. Wasu su ce yara ne suka yi wasa da ita. Sau da yawa salular ce da kanta take magana da masu ita na nesa.

Ga yadda abin yake. Kowace salula, ko ƙarama ce mai maɓalli, tana gaisawa da ƙarfen rezo mafi kusa da ita. Ta haka Airtel ko Moov ko Zamani suke sanin yankin da kake. Wannan ba ya cin mega, kuma in babu shi kira ba ya shiga. Amma babbar salula ta shafawa ta wuce nan. Tana sauraren taurarin ɗan'adam, ta san wurin da kake tsaye, ko gindin wace rijiya ne. Kuma manhajojin da ke cikinta suna iya aika wannan labari ta intanet, da megan da ka saya da kuɗin akuyarka. A shekarar 2021 wani malamin jami'a na birnin Dublin, Douglas Leith, ya auna abin. Ya tarar salular Android da iPhone suna aika bayani wajen Google da Apple kusan kowane minti 4 da rabi, ko suna ajiye.

Akwai wani sabon abu kuma. Ana sayar da wasu ƴan na'urori kamar kwabo, ana ɗaura su ga makulli ko jaka ko babur don kada su ɓace. Na Apple sunansa AirTag, ya fito a 2021. Google ma ya buɗe irin wannan hanya a 2024. Na'urar ba ta da katin waya, ba ta da mega. To, da me take gaya wa mai ita inda take? Da salular mai wucewa. In ka gitta kusa da ita, salularka ta ji ta, sai ta ɗauki saƙon ta aika. Kamfanonin sun ce saƙon ƙarami ne ƙwarai, kuma a kulle yake, su kansu ba su iya karanta shi. Mun ji. Amma a nan ƙasar, mai son ɗora ko da mudun gishiri bisa raƙumin wani, sai ya yi sallama ya roƙa tukuna.

Su za su ce sun roƙa. Gaskiya ne, ran da aka kunna sabuwar salula rubutu yana fitowa, dogo, da Faransanci ko Ingilishi. Wa yake karanta shi? Yaron da ke shagon caji shi ke dannawa: J'accepte, J'accepte, har ya ƙare, ya miƙo maka. Mu da muke koyar da karatu da Hausa, wannan yana yi mana ciwo. Dattijo ya yi rani biyu yana koyon baƙi da wasali, ya iya sa hannu da sunansa, sa'an nan a ce ya yarda da takardar da ba a rubuta da harshensa ba. A ganina wannan ba yarda ba ce.

Ba mu kaɗai muke ƙorafi ba. A Amurka, mutanen jihar Kaliforniya sun kai Google ƙara tun 2019, suka ce salulolinsu suna cin megansu suna aika bayani ba da izininsu ba. A watan Yuli na 2025 kotu ta ce kamfanin ya biya su fiye da dalar Amurka miliyan 314. Google bai yarda da hukuncin ba. A 2020 kuma ƴan jarida suka tono cewa manhajar Muslim Pro, wadda mutane ke sawa don lokutan salla da alƙibla, tana ba wani kamfani mai suna X-Mode labarin wuraren masu amfani da ita, shi kuwa yana ciniki da masu yi wa sojan Amurka aiki. Masu manhajar sun musa sayar wa soja, amma sun yanke hulɗa da X-Mode.

Ƙasarmu tana da doka. An yi ta farko a 2017, aka sake ta da doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022. Hukumar da dokar ta ɗora wa tsaron wannan sha'ani ita ce HAPDP, a Yamai. Dokar ta ba ka hakkin sanin abin da aka tara game da kai, da hakkin sa a gyara shi, da hakkin ƙi. Kukan ciniki da kamfanonin waya kuwa, ARCEP ake kai wa.

Amma haɗarin da ya fi kusa da makiyayi ba daga Amurka yake ba. Wanda ya buɗe maka adireshin Google, in har ya riƙe lambar sirri, yana iya zama a rumfarsa ya ga inda salularka take. Da damina in ka hau arewa da bisashe, ya san mashekarinka duk inda rezo ya kai. Ya san ran da ka sayar da sa a kasuwa, ya san hanyar da ka bi da kuɗin. Galibin yaran nan masu amana ne, amma lambar sirri takan wuce daga baki zuwa baki. Haka kuma an sha kama mutane a ƙasashen waje sun ɓoye irin na'urar nan cikin kayan mace don su bi sawunta. In salularka ta nuna cewa wata baƙuwar na'ura tana tafiya tare da kai, kada ka share gargaɗin, ka bincika kayanka.

Abin yi ba shi da wuya. Ka sake lambar sirri da hannunka, ka rubuta ta a takarda, ka adana tare da katin ɗan ƙasa. Ka ja fuskar salula daga sama, ka kashe Données mobiles in ba aika saƙo za ka yi ba. Alamar Localisation da ta Bluetooth ma, ka kashe su sai ran buƙata. Sai dai ka sani, in an sace salular tana haka, nemanta zai yi wuya. Kai za ka auna wanne ya fi maka. Manhajar tocila ko ta wasa in ta nemi sanin wurinka, ka danna Refuser.

Wanda kalmomin nan suka shige masa duhu, ya zo da salularsa makarantar yaƙi da jahilci bayan la'asar. Za mu rubuta su a allo, mu fassara su ɗaya ɗaya, amma mai salula ne zai danna da yatsansa.