Birki Mai Tauri: Gargaɗi Ga Masu Kai Amfanin Gona Kasuwa

Tun a shekarar 1929, da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda, garin ya zama matattarar amfanin gona. A zamanin nan jakuna da raƙuma ke kawo gyaɗa da auduga tasha daga ƙasar Shinkafi da ta Zurmi. Yau mota ta karɓi aikin. Da kaka ta yi, sai a ga a-kori-kura maƙare da buhunan gero da dawa da wake, mai kaya kuma yana zaune bisa kayansa. Watau wahalar damina duka, da ran mai ita, sun rataya ga birki. Saboda haka ya kamata manomi da ɗan kasuwa su san wani ciwo da ke kama shi.

In an buɗe gaban mota, a gefen direba za a ga wata baƙar tukunya kewayayya, ɗan tankin man birki yana gabanta. Ita ce makanikai ke kira busta. A cikinta akwai faifan roba wanda ya raba ta ɗaki biyu. Inji yana zuƙe iskar ciki ta wani tiyo, a motar gas kuwa wani ɗan famfo ke zuƙewa. Sa'ad da direba ya taka birki, iskar waje ta kan shiga ɗaki guda ta tura faifan, ta ninka ƙarfin ƙafarsa. Shi ya sa taki kaɗan ke tsai da mota da lodinta. Manyan motoci masu birkin iska tsarinsu dabam ne, ba da su a ke ba.

To, roba ba ta dawwama. Zafi da tsufa su kan tsattsaga faifan ko tiyon. Alama ta fari ita ce birki ya yi tauri kamar an taka dutse, sai direba ya miƙe ƙafa da ƙarfinsa duka, duk da haka motar ta wuce inda ya nufa ta tsaya. Ta biyu, a ji huci kamar na kububuwa ƙarƙashin sitiyari in an taka. Ta uku, inji ya riƙa rawa ko ya mutu sa'ad da aka taka birki, domin iska tana kutsa masa ta ɓarauniyar hanya. Wani lokaci kuma man birki ya riƙa raguwa ba a ga inda ya ke zuba ba. Mai yiwuwa cikin tukunyar ya ke tsiyaya, yana cin robar. Amma in birki ya yi laushi, ƙafa tana nutsewa har ƙasa, wannan wani ciwo ne dabam: ko iska ta shiga man, ko yana yoyo.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. A danne shi, sa'an nan a ta da inji. In busta lafiya ta ke, ƙafa za ta ɗan nutsa. In ba ta motsa ba, lalle akwai magana. Kada a yi lodi sai makaniki ya duba, ya kuma fara da tiyo da ɗan makullin iska da ke bakinsa, gama sau da yawa a nan ciwon ya ke, kuɗinsu kuwa bai kai na tukunyar ba.

Akwai wata muguwar al'ada ta kashe inji a gangara don tsimin mai. Da inji ya mutu, abin da busta ta ajiye bai wuce taki biyu ko uku ba, daga nan sai tauri. In hakan ta auku a kan hanya, birki bai tafi duka ba. Direba ya danne da iyakar ƙarfinsa, kada ya yi ta ɗagawa yana takawa, ya sauko da giya, ya ja birkin hannu sannu a hankali. A tuna kuma, in gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke ci kafin birki ya tsai da ita ya kan ninka huɗu.

Manomin da ya yi shatar mota zuwa kasuwar Shinkafi ran Alhamis yana da ikon ya ce a gwada birki a gabansa kafin a ɗora buhun fari. Direban kirki ba zai ji haushi ba, gama shi ma a cikin motar ya ke. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.