Wayar Iska a Ɗakin Majiyyata: Abin da Ya Faru a Dalas da Matsalar Kalmar "Aminci"

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun daɗe da sanin wayar iska, wato aika saƙo ba tare da igiyar waya ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake amfani da ita wajen sa ido a kan majiyyata, sannan ta taɓo wata matsala ta fassara da ke tattare da batun.

2.0 Zangon Aro

Akan manna wa mai ciwon zuciya wasu 'yan faya-fayai a ƙirji, a haɗa su da ƙaramar na'ura wadda yake ratayawa. Ita ce ke aika bugun zuciyarsa ta iska zuwa allon da ke gaban ma'aikatan jinya, shi kuwa ya sami damar tashi ya zaga. Kowace na'ura da zangon da take aika saƙo a kai, kamar yadda mai sauraron rediyo ya san tasharsa a mita 31.

A Amurka, har zuwa ƙarshen shekarun 1990, asibitoci da dama sukan ari zangon talabijin da ba kowa a kai. Sharaɗin aron kuwa shi ne, in mai wuri ya zo, mai tabarma ya naɗe. A watan Fabrairun 1998 mai wuri ya zo. Tashar WFAA ta birnin Dalas ta soma gwajin talabijin na dijital a lamba ta 9, sai alamun bugun zuciyar wasu majiyyata suka ɓace daga allo a asibitin Baylor, saboda ƙarfin tashar ya danne nasu. Ba a ba da labarin wani ya cutu ba. Abin lura shi ne, babu na'urar da ta lalace, tashar kuma ba ta karya doka ba.

A shekarar 2000 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta keɓe wa irin waɗannan na'urori zangonsu, ciki har da megahaz 608 zuwa 614. Sai dai a yau da yawansu sun hau Wi-Fi, inda suke cuɗanya da wayoyin hannu da kwamfutoci.

3.0 Matsalar Kalma

Kalmar aminci takan zo wa mai fassara a baki da sauri, alhali ma'anoni biyu ne a nan. Ta farko ita ce saƙo ya isa kullum ba yankewa, wadda za a iya kira tabbacin isar saƙo. Ta biyu ita ce majiyyaci ya tsira daga cutarwa ko da saƙon ya yanke, wato kariyar majiyyaci. Na'urar da ke yin ƙara da zarar sadarwa ta katse ta rasa ta farko, amma ta riƙe ta biyu, domin ma'aikaciyar jinya za ta garzaya bakin gado. Wadda ta yi shiru kuwa ta rasa duka biyun.

Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 80001-1, wadda ta fito a 2010, ita ma ta bambanta kariyar majiyyaci da ingancin aiki, ta kuma ƙara na uku, wato tsaron bayanai. Mai fassara ta zuwa Hausa da ya sa aminci a duk wuraren uku, ya bar ma'aikacin asibiti bai san wanne ake nema daga gare shi ba.