A-kori-kura mai neman zama kat-kat a hanyoyin Adar

Wanda ya bi kwaltar RN1 ta Nijar daga Birnin Konni, ya wuce Galmi ya shiga Madawa, zai ɗauka kowace mota ta isa yin aiki a wannan ƙasa. Sai ya saki babbar hanya ya nufi ƙauyukan Buza da Keita zai ga ainihin Adar: tudu mai tsakuwa a sama, gangare mai kaifi, sannan kwari mai rairayi da ƙoramu da ke busassu yawancin shekara, su cika cikin sa'a guda idan an yi ruwa a kan duwatsu. Tsakanin Tamaske da Garhanga, ko daga Karofan zuwa Tabotaki, direba kan haɗu da dutse da yashi da taɓo a tafiya ɗaya. Shi ya sa mai a-kori-kura da ƙafafun baya kaɗai ke tura ta, in ya gaji da kafewa, yakan tambayi makanike ko za a iya mayar da ita kat-kat, ƙafa huɗu duka su ja.

Ana iyawa, kuma an daɗe ana yi. Amma yadda waɗanda suka yi nasara suka yi aikin ya bambanta ƙwarai da yadda ake tunaninsa a bakin gareji.

A Amurka, kamfanin Marmon-Herrington ya fara mayar da motocin Ford masu jan ƙafa huɗu tun shekarun 1930. Bayansa kamfanin NAPCO na birnin Minneapolis ya riƙa sayar da kayan juyin a cikin akwatin katako, a ɗaura su a motocin Chevrolet da GMC da kusoshi kawai. Abin ya karɓu har General Motors ta riƙa ɗaura su a masana'antarta daga 1956. A 1960 ta sauya ginin ƙafafun gaba na motocinta, kayan NAPCO suka daina shiga, cinikin ya mutu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Peugeot 504, motar da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna kuma ta yi zamani a tashoshin Nijar. A 1980 Henry Dangel ya kafa kamfani a garin Sentheim na yankin Alsace a Faransa, ya riƙa karɓar 504 yana ƙara mata akwatin raba ƙarfi da pon na gaba, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu yana kai musu ƙarfi, yana ɗaga ta daga ƙasa. Dukansu injiniyoyi ne suka zana kayan don shasi guda takamaimai, suka gwada, sannan suka sayar. Babu wanda ya tsinto ƙarafa daga motoci uku ya haɗa da walda.

A mota mai jan baya, ƙarfin inji yana bi ta giya, ya shiga sandar kardan, ya isa pon na baya, shi ke nan. Ƙafafun gaba aikinsu ɗaukar nauyi da bin sitiyari. Kafin su ja, dole a sami pon na gaba mai haƙora a ciki, da sanduna masu gaɓa da za su kai ƙarfi ga ƙafar ko tana juye. Dole a sami akwatin raba ƙarfi a bayan giya, kuma giyar mota mai jan baya ba ta da mazauninsa, don haka galibi ita ma sai an canza ta. Kardan na baya ya yi tsawo, sai an rage. Na gaba sai an kawo. Ƙarfen da ke tallafe da giya ya koma wani wuri, kaskon mai na ƙasan inji yakan yi karo da sabon pon, sandunan sitiyari da bututun birki su nemi sabuwar hanya, a huda daɓen gaba don sandar shiga kat-kat. A tsofaffin Hilux har kusoshin taya sun bambanta: biyar a mai jan baya, shida a kat-kat.

Wurin da aka fi yin asara ba ya ganuwa daga waje. Kowane pon yana da ƙarafa biyu masu haƙora da ke cin juna, babba da ƙarami, kuma rabon haƙoransu shi ke faɗin sau nawa kardan zai juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. A Toyota akwai mai haƙora 41 da 10, wato 4.10, akwai mai 41 da 9, wato 4.56, da wasu. In aka sa na farko a gaba, na biyu yana baya, duk mita 100 da ƙafafun baya suka yi, na gaba suna neman yin 111. Kamar shanun huɗa ne biyu a karkiya ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya faɗin taki: ko dai ɗaya ya ja ɗan'uwansa, ko karkiyar ta karye. A cikin yashi taya za ta zame ta ɓoye matsalar na ɗan lokaci. A kan tudun Keita, inda taya ke kama dutse, kardan ko haƙoran akwatin ne za su biya. Maganinsa mai sauƙi ne, a buɗe pon biyun a ƙirga haƙora kafin a biya kuɗi, amma mai sayar da kayan kwance a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba lallai ya san daga wace mota ƙarfen ya fito ba. Haka ma tayoyi: huɗun su zama girma ɗaya.

Sai maganar shasi, wadda ita ce ta fi damuna. Toyota ta fito da Hilux a 1968, mai jan ƙafa huɗu kuma sai a 1979, kuma shekaru da yawa gaban shasin nau'o'in biyu ba ɗaya ba ne. Mai son ya rataya pon mai nauyi a gaban tsohuwar mai jan baya sai ya yanke mazaunan asali ya walda sababbi. Wannan waldar ce za ta ɗauki nauyin inji, da bugun kowane dutse, da ƙarfin birki a gangare. Motocin nan kuwa ba su tafiya wayam. Ranar kasuwa mutane ne a saman buhuna, mata da goyo, tsofaffi, awaki a ɗaure a gefe. In mazaunin ya kauce da ɗan yatsa, motar za ta riƙa ja gefe ɗaya tana cin taya. In waldar ta tsage a gangare, sitiyari ya fita daga hannun direba gaba ɗaya. Ina girmama makanikan Madawa da Tawa, waɗanda ke rayar da motocin da masu ƙera su suka manta da su tuni. Amma wannan aiki ne na awo da ma'auni, kuma ƙwarewar ido ba ta maye gurbinsa.

Akwai inda juyin yake da ma'ana. Daga 2005, wasu Hilux masu jan baya an yi su dogaye, a kan shasi irin na kat-kat, da kusoshi shida. In mai irin wannan mota ya sami kat-kat ta shekara ɗaya da inji ɗaya da tasa wadda ta yi haɗari ta baya ko ta kife, ya saye ta ɗungurungum, to kayan za su zauna a ramukansu da kusoshi, har ƙananan abubuwan da ba a tunawa sai an fara aiki. Sababbin da ake shiga kat-kat ɗinsu da maɓalli sun ƙara wahalar wayoyi da kwamfutar mota. A wajen wannan, lissafin ba ya fita. Kuɗin kaya da na aiki da makonnin da mota za ta yi a gareji ba ta samo ko dala, in aka haɗa su da kuɗin sayar da ita, sukan kusanci farashin kat-kat ta asali, wadda za ta sake sayuwa da daraja. Motar da aka juya kuwa kowa yana tsoronta a kasuwa. Wanda kuma ya zaɓi ɗora jikin motarsa a kan wani shasi ya tuna lambar shasi ce a rubuce a kartagiris, wato takardar mallakar mota, ya gyara takardu kafin jandarma su tambaye shi a hanya.

Ya kamata kuma a tambayi abin da ke kafar da motar tun farko. Albasar kwarin Tarka da ta Maggiya da rani ake kwashe ta, lokacin da abokin gaba rairayi ne. Hilux an yi ta don kaya wajen tan ɗaya, babban buhun albasa kuwa kan kai kilo 100 ko ya haura, don haka buhu goma ya cika ta. Abin da ake ɗora mata a gona ya wuce haka nesa. Rage kaya, da sauke iskar taya daga wajen bar 2.5 zuwa wajen 1.5 kafin shiga yashi a mayar bayan an fita, da shebur da faranti biyu na ƙarfe, suna fitar da mota daga wurare da yawa. Pon na baya mai kullewa ya fi su duka, domin pon na yau da kullum yana tura ƙarfi ga ƙafar da ke zamewa ne, ya bar wadda ta kama ƙasa a tsaye. Ko kat-kat da ba ta da makulli, in ƙafa ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suka rasa riƙo, nan za ta kwana. Abin da kat-kat ta gaske ta fi da shi shi ne ƙaramar giya, wadda a tsohuwar Hilux ke ninka ƙarfi sau 2.28, mota ta hau dutse a hankali ba tare da ƙona kuloci ba, ta kuma sauka gangare inji yana riƙe da ita.

Da damina labarin daban ne. Daga Yuli zuwa Satumba zazzaɓin cizon sauro ke tsananta, ana ɗauko yara daga ƙauyuka zuwa asibitin Madawa, kuma a lokacin ne ƙoramu ke cika. Nan kat-kat kan yaudari mai ita. Ruwa mai gudu da ya kai wajen santimita 60 yana iya ɗaga a-kori-kura ya tafi da ita ko ƙafa nawa ke ja, injin gas kuwa in ya shaƙi ruwa sandunansa na ciki ne ke lanƙwashewa. Aikin raya Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya tare da FAO da Shirin Abinci na Duniya, ya tare ruwa tun daga kan tudu da jerin duwatsu da madatsu, ya kuma buɗe hanyoyin karkara, mata ne suka yi mafi yawan ɗaukar dutsen. Daɓen kankare guda a mashigar ƙorama yana amfanar amalanke da babur da motar asibiti da kowace a-kori-kura a yankin, kuma gyaran irin waɗannan mashigai ne ya kamata ƙungiyoyin direbobi su riƙa kai wa hukumomin garuruwan Buza da Keita kafin saukar ruwan farko.