Fulogi Huɗu, Babu Tartsatsi

A kan allon koyarwa, duk abin da ke ɓoye cikin injin mota an baje shi a fili: batir, kwayil biyu, fulogi huɗu, birenbos, da faifan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa a madadin karanshaf. Malamin ya dasa matsala tun kafin ɗalibai su shigo. Aka murɗa makulli, faifai ya juya, fulogi ko ɗaya bai ce uffan ba.

"Malam, kwayil ne ya ƙone."

"Duka biyun a lokaci guda? Auna ka gani."

Suka ɗora mita. Batir bolt 12.6, fis lafiya, wuta tana isa kwayil, naɗin wayarsu bai tsinke ba. To, me ya hana?

Nan gizo ke saƙar. Kwayil ba ya ba da tartsatsi sa'ad da wuta ke shigarsa, sai an yanke ta farat ɗaya. Maganaɗisun da ya taru ya rushe, naɗi na biyu ya harbo bolt sama da 20,000. A tsarin da Charles Kettering ya yi wa Cadillac a 1910, kwantak ne ke yankewa. Chrysler ta fara sauya shi da tiransista a 1972, yau kuma birenbos ke ba da umarni.

Suka jona fitilar gwaji a gefen da ake yankewar. Ya kamata ta riƙa ƙiftawa, sai ta tsaya cak a kunne. Kenan babu mai yankewa.

Nan take aka ɗora wa birenbos laifi. Wannan gaggawar tana ci mini rai, domin a gareji ita ke sa mai mota sayen akwati mai tsada alhali nasa lafiya lau yake. Birenbos ba ya motsi sai sensar karanshaf ta gaya masa inda fistin yake. Tana karanta haƙora 58 na faifan, giɓin haƙora biyu kuma shi ne alamar farawa.

Mita ta nuna sensar ba ta mutu ba, amma a na'urar zana sigina igiyarta da ƙyar take ɗagawa. Wata ɗaliba ta sunkuya, ta zura ma'aunin tazara tsakanin sensa da haƙori. Ya kamata ya shiga da ƙyar, kusan milimita 1. Sai ya wuce sakwaf. Malamin ya kwance noti ne ya ja sensar baya.

Ta matso da ita, ta ɗaure. Aka murɗa makulli: fulogi 1 da 4 suka tartsa tare, 2 da 3 suka biyo.