Ƙaramar bindigar ƙugu a Amurka: gaskiyar zance da ƙarin gishiri

Duk wanda ke leƙa TikTok ko zaurukan WhatsApp ya ga irin bidiyon nan: wani Ba'amurke ya ɗaga rigarsa, ya zaro ƙaramar bindiga daga ƙugu, ya ce dala ɗari uku ya saye ta. Daga nan hira ta ɓarke. Wani ya ce a Amurka bindiga kamar burodi ake sayar da ita, wani ya ce babu ruwan kowa da lasisi, wani kuma ya ce ai ƙaramar ita ce ta dace da mata da sababbin hannu. A cikin maganganun nan akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai ƙarya tsagwaronta. Abin ya dame ni ne saboda muna da 'yan'uwa da ɗalibai a can, kuma rabin gaskiya a wannan sha'ani kan kai mutum kurkuku ko kabari.

Batun farashi gaskiya ne. Ana samun sabuwar Taurus G3C, ta wani kamfani ɗan asalin Brazil, a kusan dala 300 ko ƙasa da haka, yayin da SIG Sauer P365 ko Glock 43X kan kai dala 500 ko kusa da haka. Haka kuma gaskiya ne cewa gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya kare haƙƙin riƙe makami, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008, a shari'ar Heller, cewa haƙƙin na mutum ne a kan kansa.

Amma zancen burodi ƙarya ne. Wanda ya je shagon dillali mai lasisi sai ya nuna katin shaida, ya cike fom mai lamba 4473, ya amsa tambayoyi kan laifin da ya taɓa yi, da shan ƙwaya, da matsayinsa na zama a ƙasar. Dillalin zai tura bayanan zuwa rumbun bincike, tsarin da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998 bisa dokar Brady ta 1993. Dokar tarayya ta 1968 ta hana dillali sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba bindigar hannu. A Kalifoniya, ko ka biya kuɗi sai ka jira kwana 10 kafin a miƙa maka. Inda jita-jitar ta sami ƙafa shi ne cinikin mutum da mutum: a jihohi da dama, wanda ba dillali ba ne yana iya sayar wa maƙwabcinsa bindigarsa ba tare da wannan bincike ba. Wannan ɓaraka ce ta gaske, kuma Amurkawa sun daɗe suna sa-in-sa a kanta.

Ga abin da ya fi shafar namu. Wanda ya shiga Amurka da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi, in ban da 'yan togaciya kamar mai riƙe da lasisin farauta. Mai katin zama na dindindin ne ke da damar saye kamar ɗan ƙasa. Wanda kuma ya ce wa abokinsa mai takardu "sayo mini da sunanka", ya jefa su biyun cikin laifin da wata doka ta 2022 ta yanka wa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 15.

Sai maganar lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye. A nan ne aka fi yin kuskure, domin kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Zuwa 2024, jihohi 29 cikin 50 sun yarda baligin da doka ba ta hana shi ba ya ɗauki bindiga a jikinsa ba tare da lasisi ba. Vermont ba ta taɓa neman lasisi ba, Alaska ta bi sahu a 2003, Arizona a 2010, Teksas a 2021, Fulorida a 2023. A New York kuwa, tun dokar Sullivan ta 1911 ake takura lamarin, har sai mutum ya kawo dalili na musamman. Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi a Yunin 2022, a shari'ar Bruen, amma ba ta soke lasisin ba. Yanzu mai nema sai ya yi awa 16 na darasi da awa 2 na harbi a gaban malami.

Kuma lasisin wata jiha ba lalle ne ya yi aiki a wata ba. A 2013 wata mata mai suna Shaneen Allen, uwar yara biyu mai lasisin Pennsylvania, ta tsallaka New Jersey da motarta. Ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin tuƙi, ita da bakinta ta gaya masa tana da bindiga da lasisi. Aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin shekaru, sai a 2015 gwamnan jihar, Chris Christie, ya yi mata afuwa. Ba ta harbi kowa ba. Iyakar jiha kawai ta ƙetare.

Yanzu ita kanta bindigar. Maganar da ta fi kowacce yaɗuwa, kuma ta fi kowacce ɓata mutane, ita ce wai ƙaramar bindiga ta fi sauƙin sarrafawa. Akasin haka ne. Lokacin da albarushi ya kama ya tura harsashi gaba, da irin wannan ƙarfin yake tura bindigar baya, kuma nauyin bindigar ne ke shanye wani kaso na tunkuɗar. Glock 19 na da nauyin kusan giram 670 ba harsashi, P365 kuma kusan giram 500, alhali harsashi iri ɗaya suke ci, mai milimita 9. Duka ɗaya ne, amma mai sauƙin nauyi ta fi tsalle. Ƙara da cewa mariƙinta gajere ne, a wasu ƙanana ɗan yatsan ƙarshe ma ba ya samun wurin zama, sai ya rataye a iska. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta taƙaita, don haka ɗan karkacewar da ido ba zai lura ba kan kai harsashi nesa da inda aka nufa. Sannan sifirin ɗinta kan yi tauri, mai raunin hannu ya yi ta fama kafin ya ja saman bindigar baya ya ɗora harsashi. Ruger LCP, wadda ta fito a 2008, ba ta kai giram 300 ba, tana shiga aljihu lafiya lau, amma masu koyar da harbi kan ce bayan 'yan harsasai hannun sabon ɗalibi ya fara zafi, ya fara runtse ido kafin ya ja kunama. Wanda bindiga ke ba wa wuya ba zai riƙa zuwa atisaye ba, wanda ba ya atisaye kuma haɗari ne ga duk wanda ke tsaye kusa. Shi ya sa miƙa wa mace ƙaramar bindiga don kawai ƙarama ce shawara ce marar kyau.

Akwai dai gaskiya a cewa ƙananan na yanzu sun fi na da. Kafin 2018, siririyar bindiga mai milimita 9 kan ɗauki harsashi shida ko bakwai, kamar Glock 43 ta 2015. P365 ta zo da goma a kusan wannan girma, sauran kamfanoni suka bi, ciki har da Springfield Hellcat ta 2019 da ake ƙerawa a Kuroshiya.

Masu cewa milimita 9 ba ya da ƙarfi kuwa sun tsaya a tsohon labari. Bayan musayar wutar da aka yi a Miami a Afrilun 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu, hukumar ta koma manyan harsasai. Bayan kusan shekara 30 ta dawo wa milimita 9, saboda ƙirar harsashin ta inganta, kuma jami'anta sun fi dacewa da saiti da shi.

To mai araha fa, shin jabu ce? Ba lalle ba, kuma tsada ba ta wanke kowa. A 2015 Taurus ta amince da sulhu a kotu kan bindigogi kusan miliyan ɗaya da aka yi ƙarar cewa suna iya tashi idan sun faɗi ƙasa. Amma Ruger ma ta janye rukunin farko na LCP a 2008 kan irin wannan matsala, SIG Sauer kuma a 2017 ta buɗe shirin gyara P320 kyauta bayan an nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wani kusurwa. Abin dubawa shi ne tarihin wannan samfurin, da ko an taɓa janye shi. Kuma kuɗin da ke jikin takarda somin-taɓi ne: akwai kube, akwai akwatin ƙarfe mai makulli, akwai kuɗin darasi da na lasisi, akwai harsashin atisaye wata bayan wata.

Kuben nan ba ado ba ne. A Nuwamban 2008, Plaxico Burress, ɗan wasan ƙungiyar New York Giants wanda ya ci ƙwallon da ta ba su kofi a farkon wannan shekarar, ya shiga wani gidan rawa a Manhattan da Glock a soke a ƙugun wandonsa ba kube. Bindigar ta zame, ya kai hannu ya cafko ta, yatsa ya taɓa kunama, ya harbi cinyarsa. Ba shi da lasisin New York. Aka yanke masa shekara biyu. Kube mai tauri da ya rufe kunama gaba ɗaya shi ne bambanci tsakanin ɗaukar makami da wasa da rai.

Magana mafi nauyi ita ce wai mai bindiga ya tsira. Akwai waɗanda suka kare kansu da ita, ba a musu. Amma alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. A 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19. Binciken John Donohue na Jami'ar Stanford a 2019 ya gano cewa jihohin da suka sassauta ɗaukar bindiga sun sami ƙarin laifukan tashin hankali da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma, saɓanin abin da wani marubuci, John Lott, ya yi iƙirari a littafinsa na 1998. Ga baƙar fata kuma akwai ƙarin abin tunani. Philando Castile yana da lasisi. A Yulin 2016, a Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da motarsa, Castile ya sanar da shi cikin ladabi cewa yana ɗauke da bindiga, cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi har lahira a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. Kotu ta wanke ɗan sandan a 2017.

Wanda ke kallon bidiyon daga Kano ko Gusau kuma ya sani duk wannan labarin wata ƙasa ce. Dokar makamai ta Najeriya, mai asali daga 1959, ta sa bindigar hannu a jerin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Ɗan'uwan da ke Amurka ba shi da hurumin cusa maka ita a kwantena ko cikin motar da ya turo, laifi ne a can, laifi ne a nan.

Ɗan'uwa da ke zaune a Amurka, idan ka ga lalle sai ka mallaka, fara da karanta dokar jiharka da matsayin takardunka, ka shiga aji, ka yi hayar bindigogi a filin harbi ka gwada kafin ka biya. Idan akwai yara a gidan, ko wani da damuwa ta yi wa nauyi, sayi akwatin makulli kafin ka sayi bindigar.