Fentin ɗaki a Arlit: yadda ake samun miƙaƙƙen layi duk da zafi da ƙura

A gidajen siminti da dama na Arlit da Akokan, bangon ɗaki launi biyu ne. Daga ƙasa zuwa wajen ƙirjin mutum fentin mai ne, shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa, wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma idan yara sun ɓata. Daga nan zuwa sama kuma fentin ruwa ne, fari ko ruwan madara. Tsakanin launukan biyu akwai layi guda da ya zagaye ɗakin, kuma a kansa idon baƙo ke fara sauka. Idan ya miƙe, ba mai kula da shi. Idan ya karkace ko ya fito haƙora-haƙora, duk tsadar fentin da aka saya ba za ta rufe wannan aibin ba.

Maganar ta wuce ado, ta shafi aljihu. Fenti kaya ne da ke zuwa daga nesa a bayan manyan motoci, kuma daga Agadas kaɗai akwai tafiyar kusan kilomita 240 kafin a iso Arlit. Tun da kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akokan ranar 31 ga watan Maris na 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa albashi. Aikin Imouraren kuwa, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, inda aka gano yuraniyom tun 1966, shekara da shekaru ke nan ana jiransa, kuma a watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin haƙarsa daga hannun kamfanin Orano na Faransa. A irin wannan hali, magidancin da ya sayi bokitin fenti don salla ko don jeren amarya ba shi da na sayen na biyu idan aikin ya lalace. Ko shi zai yi da hannunsa, ko mai fenti zai ɗauka, yana da kyau ya san inda ake samun matsalar.

Tun kafin a buɗe gwangwani

Akasarin layukan da suka ɓaci, tun kafin buroshi ya taɓa bango suka ɓaci. Abu na farko shi ne ƙura. A garin da iska ke shigo da rairayi ta kowace kafa, bangon da ido ke gani tas yana ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, kuma ba abin da ke manne mata, fenti ne ko salatif. Sai an share bangon, an goge shi da tsumma mai ɗan danshi, an bar shi ya bushe. Akwai gwaji mai sauƙi: a shafa tafin hannu a bangon. Idan ya fito fari, tsohon fentin ko farar ƙasar da ke jiki ta zama gari, dole a kankare ta a wanke, a shafa fentin share fage da ke kama bango kafin a ci gaba. Sabon yaɓen siminti kuma yana buƙatar kamar mako 4 kafin a sa masa fenti, musamman na mai, domin ɗanyen siminti yana cinye shi har ya riƙa ɓarewa.

Na biyu shi ne awo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora ma'auni a daɓe, a auna misali mita 1 da santimita 20 a kowace kusurwa, a haɗa. Daɓen ɗaki ba safai yake zama daidai ba, wani ma da gangan magini ya karkata shi zuwa ƙofa don ruwan wanki ya fita. Layin da ya bi daɓe zai gaji karkatarsa. Dabarar magina ta fi: siririn tiyo da ake ganin cikinsa, a cika shi da ruwa, a fitar da duk kumfar iska. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan alamar farko, na biyu ya zagaya kusurwoyin da ɗaya bakin yana sa alama da fensir daidai inda ruwan ya tsaya. Ruwa ba ya son kai, tsayinsa ɗaya ne a bakin biyu. Daga nan sai a shafa wa zare garin bula, a ɗaure shi tam tsakanin alamomi biyu, a ja tsakiyarsa a saki. A hure ragowar garin, don idan ya yi yawa yakan narke cikin farin fenti ya bar shuɗin tabo.

Abin da ya sa fenti ke shiga ƙarƙashin salatif

Mutane da yawa sun ɗauka da an manna salatif magana ta ƙare. Sai an ɓare shi a ga fenti ya kutsa ta ƙasa, bakin layi ya zama kamar haƙoran zarto. Dalilin shi ne yaɓen siminti cike yake da ƙananan ramuka. Salatif yana bi ta samansu ne kamar gada, fenti kuma, musamman wanda aka tsinka da yawa, yana tsotsuwa cikin waɗannan kafofin kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila.

Da farko dai, ba kowane salatif ke wannan aiki ba. Na takarda ake nema, wanda a kasuwa aka fi sani da sikoc na masu fenti. Na ɗaure kwali, mai ruwan ƙasa ko mai sheƙi, ƙarfin mannewarsa ya yi yawa, yakan taso da fentin da ke ƙasa. Wanda ya daɗe a rana a kan teburin mai kaya shi ma ya riga ya mutu: ko ya ƙi kamawa, ko ya bar danƙo a bango. A yanki ɗan guntu a gwada a bayan ƙofa kafin a amince da shi.

Bayan an manna shi a kan layin, a danne bakinsa da bayan cokali daga farko har ƙarshe. Sannan a yi abin da mutane da yawa ba su sani ba: a fara shafa wa bakin salatif ɗin fentin da ke ƙarƙashinsa. Idan saman bango fari ne kuma shuɗi za a sa a ƙasa, a bi bakin da farin nan siriri, a bar shi ya bushe. Duk abin da zai kutsa ya kutsa, amma fari ne a kan fari, kuma ya toshe kafofin. Shuɗin da zai biyo baya ba shi da hanyar shiga. Aikin minti kaɗan ne, kuma shi ne ke raba layin gwani da na ɗan koyo.

Jerin aikin ma yana da doka. Fentin ruwa ba ya kama saman fentin mai mai sheƙi, amma na mai yana zama a kan busasshen na ruwa. Saboda haka a fara da rufi da saman bango, a bar farin ya ɗan gangaro ƙasa da layin, a ba shi aƙalla kwana guda, ko ma fiye, kafin a ɗora masa salatif. Na mai ya zo daga baya, shafi biyu marasa kauri.

Lokacin cirewa shi ne inda zafin Arlit ke yin ɓarna. A cire salatif tun shafin ƙarshe bai gama bushewa ba, a hankali, ana jan sa a karkace yana nesa da ɗanyen fentin. Idan aka bar shi ya kwana biyu cikin zafi, danƙonsa yana gasuwa a bango, fentin kuma ya haɗe da shi ya zama fata guda, da an ja sai ya yage. In har an makara, a bi bakin da reza kafin a ja.

Hannun gwani da lokacin aiki

Tsofaffin masu fenti da dama ba sa ma taɓa salatif a gefen ƙofa da taga da bakin rufi, kuma galibi layinsu ya fi kyau. Buroshi mai faɗin kamar santimita 5 suke amfani da shi, mai baki a karkace in an samu, a riƙe shi kamar alƙalami. Kashi ɗaya cikin uku na gashinsa kawai ake tsomawa. Ana fara sauke shi ɗan nesa da layin don ya rage nauyin fenti, sannan a matso da shi sannu a hankali har gefen gashin ya hau layin, a ja shi doguwar ja guda, ido yana gaba da buroshin. A bangon laka wannan ce ma kaɗai hanya, don salatif yakan taho da yaɓen. Wanda hannunsa ke rawa ya kare da guntun kwano mai miƙaƙƙen baki, yana goge shi bayan kowace ja. Inda bakin rufi ya yi tudu da kwari kuwa, a sauko da launin rufin santimita 2 ko 3 a jikin bango a ja sabon layi a nan.

Kamfanonin fenti sukan rubuta a jikin gwangwani cewa kada a yi aiki idan zafi ya haura maki 30 ko 35. A Arlit, daga Afrilu zuwa Yuni, ma'aunin zafi yana wuce 40 da rana. A wannan yanayi fentin ruwa yana fara kamewa cikin ƴan mintuna, kuma idan an zagaye ɗakin duka da buroshi kafin a ɗauki rulo, gefen zai bushe ya fito daban kamar firam ɗin hoto. Mafita ita ce bango ɗaya bayan ɗaya: a yi gefe, nan take a bi da rulo. A fara bayan sallar asuba, a kashe fanka, a yayyafa ruwa a daɓe don ƙura ta kwanta. Ƙara ruwa barkatai don fenti ya yi auki ba magani ba ne. Abin da aka saba rubutawa a gwangwani bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, kuma tsinkakken fenti shi ne ke zuba ya ɓata layi.

Fentin mai yana kawo wata matsalar: a rufe taga tururinsa ya hau kai, a buɗe ƙura ta manne masa. Sai a rufe ɓangaren da iska ke bugowa, a buɗe ɗaya ɓangaren. Tsinka shi da man fetur, kamar yadda wasu ke yi don araha, kasada ce a gidan da ake girki.

Ƙofofi da tagogin ƙarfe suna buɗewa da zafin rana su tsuke da sanyin dare, shi ya sa tsaga ke fitowa tsakaninsu da bango. A cike ta da mastik ɗin da fenti ke kamawa, ban da silikon, wanda fenti ke zamewa a kansa. Wajen goge tsohon fentin mai na ƙofa da takardar yashi kuma a yi hattara, domin wasu fentocin mai suna ɗauke da gubar dalma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da ba ya cutarwa. Mutanen yankin nan ba su manta da Zamfara ba, inda a 2010 ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. A jiƙa wurin kafin a goge, a rufe hanci, a fitar da yara da masu juna biyu, a kwashe ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Wanda ya ɗauki mai fenti, gara su daidaita tun farko a kan tsayin layin, da yawan shafi, da wanda zai sayi salatif, don a nan rigimar cikon kuɗi ke tasowa. Kafin a sallame shi, a tsaya a bakin ƙofa a dubi layin daga nesa, sannan a haska tocila a jikin bango daga gefe, duk wani zubi zai fito fili. Ragowar kowane launi kuma a zuba a ƙaramin gwangwani, a rufe gam a ajiye a inuwa, don ranar da aka shigo da gado da kabad ba a rasa inda zai gogu.