Sabunta Tsofaffin Gine-ginen Masana'antu: Daga Baro Zuwa Kef Tawun

Sabunta tsohon ginin masana'anta shi ne a gyara shi domin ya yi sabon aiki, ba tare da an shafe siffarsa ta asali ba. A Jihar Neja, garin Baro da ke bakin kogin Kwara ya cancanci irin wannan kulawa, domin daga can aka fara shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911, kuma barin gine-ginen tashar jirgin ƙasa ta garin su lalace babbar asara ce ga tarihin ƙasa.

Aikin yakan fara da binciken harsashi da rufi, saboda ruwan sama da gara da tsatsa su ne ke kashe gini, sannan a shigar da lantarki da bututun ruwa ta hanyar da ba za ta raunana bango ba. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, an mayar da wani katafaren rumbun hatsi na kankare gidan adana zane-zanen Afirka a 2017, misalin da manoman Kumbashi da Kontagora na Jihar Neja, waɗanda suka san darajar rumbu, za su fahimta da sauƙi.